Kwana Biyar na Husainatu

Mu biyu ne muka rage a kicin ɗin Alhaji Mansur da ke unguwar Cheras, a ƙasar Malay, bayan korona ta shigo, ni da Husainatu. Da mu biyar ne. Abincin ɗalibai muke dafawa, a ƙulle a robobi, masu babur su zo su kwashe. Aikin kashi biyu ne, akwai na wuta, akwai na sanyi. Na wuta tuƙin tuwo da suya, wannan nawa ne. Na sanyi shi ne fito da kaji da kifi daga firiza, a wanke su cikin ruwan da ke kashe yatsu, a fasa ƙanƙarar zoɓo, ana tsaye a kan jiƙaƙƙen siminti tun safe. Wannan nata ne, don ita ce ƙarama.

'Yar Gusau ce. Ta biyo mijinta da ya zo karatu, ya koma gida tattaro bayanan bincikensa na wata biyu, aka rufe iyaka yana can. Kuɗin karatun ma suka tsaya. Ba ta taɓa zama ta ba ni labarin nan ba, a tsinke na haɗa shi. Ba ta da surutu, shi ya sa muka shirya.

Duk wata idan al'adarta ta zo, ciwon mara yakan naɗe ta kamar tabarma. Ta je asibiti sau ɗaya, suka ce sai an yi hoto, suka ba ta rana, suka ɗaga, suka sake ɗagawa. Wata rana ta yanke jiki ta faɗi gaban firiza, gumi na tsatsafo mata. Mai babur ɗin da ya zo ɗaukar kaya ya gani, ya gudu ya bar abincin. Alhaji ya zo idonsa ja.

"Husaina, wallahi ba mugunta ba ce," in ji shi. "Yanzu mutum ya yi tari ma kiran hukuma ake. In aka rufe mini wurin nan, duk mun shiga uku. In kika sake faɗuwa, ki yi haƙuri kawai."

Ta ce, "To, Alhaji."

A ƙasan benen da kicin yake akwai kedai, wato ɗan shago, na wata tsohuwa 'yar Sin, Anti Teoh, mai sayar da saiwoyi da busassun ganye. Ita ta ga Husainatu tana saukowa tana dafa bango, ta kira ta. Ta riƙe mata tsintsiyar hannu tsawon lokaci, ta sa ta zaro harshe, sannan ta taɓa yatsunta ta girgiza kai. Ta ce sanyi ya shige ta. Ta yage kalandar shagonta ta ba ta, ta raba mata watan da jan biro.

Husainatu ta kawo ta manna jikin bangon kicin. Kwana biyar na jini, kada ta taɓa ruwan sanyi, kada ta sha, kada ta taka siminti ba safa. Bayan su, a mayar da jini: hanta, alayyahu, jan dabinon da tsohuwar ke sayarwa. Tsakiyar wata ta yi aikinta yadda take so. Mako guda kafin al'adar ta sake zuwa, ta rage yaji, ta dinga jiƙa ƙafa a ruwan citta mai ɗumi, kuma kada ta yi fushi.

Na ce, "Kada ki yi fushi? A kicin ɗin Alhaji? Ta rubuta miki inda ake sayar da shi?"

"Yaya Hureira, ki bari mana."

"Wannan ai maganar kakata ce. Ruwan zafi da citta. Sai da muka ƙetaro teku za a sayar mana da ita a leda."

Ta yi dariya, ta ci gaba da zana da'ira a kan ranakun, har zuwa ƙarshen shekara. Ba ta roƙe ni komai ba. Ranar farko ta jan da'ira na iso na tarar ta sa safa biyu, ta tsaya gaban firiza tana kallonsa. Na miƙa mata muciya.

"Je ki wuta."

"Yaya, gwiwarki fa?"

"Ni na gama da wannan lissafin tun shekara huɗu. Matsa."

Haka muka yi wata bakwai. Kwana biyar ina sanyi tana wuta, da filas ɗinta na citta da jan dabino a gefen murhu. Ban san ko saiwoyin tsohuwar ne ba, ko kuwa zama kusa da wuta ne. Ban ce ta warke ba. Takan dafe mara, takan ciji leɓe. Amma ba ta sake faɗuwa ba, wannan na gani da idona. Ta bi takardar nan fiye da yadda wasu ke bin likita. Ko da azumi, kowa na rububin ruwan ƙanƙara, ita da kofin ruwan ɗumi take buɗe baki. Anti Teoh in ta gan mu sai ta ɗaga babban yatsa ta bayan takunkuminta, ta ce, "Boleh lah," wato za a iya.

A wata na takwas aka samu masu cutar a benen da nake haya a Wangsa Maju. Aka gwada mu, aka ɗaura mini abin hannu ruwan hoda, aka ce kwana goma sha huɗu ba fita. Lafiyata ƙalau. Na zauna bakin katifa na ƙirga da yatsu. Ranar tara ga killacewata jan da'ira za ta fara.

Na kira Alhaji, na ce ya nemo mai wanke kaji na kwana biyar kawai. Ya ce wa zai shigo masa kicin a wannan hali? Na ce to a sayi kajin da ba su daskare ba. Ya ce kasuwar Chow Kit ɗin ma ba ta shiguwa. Na ce a dafa wake da shinkafa zalla. Ya ce ɗalibai za su koma wajen mamak, Indiyawan nan masu gidajen abinci. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Na kira ta. "Ki ɗora ruwa ki sirka kafin ki sa hannu."

"Ina yi, Yaya. Tukwanen ne duk suna kan wuta."

"Safar roba fa?"

"Ta huje. Kada ki damu, na sha citta."

Rana ta farko ta wuce. Ta biyu ina kira ba a ɗauka. Na tsaya bakin taga ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a ciki, hannuwana a bushe, ba abin da suke yi. Da la'asar Anti Teoh ta ɗauki wayar. Malay ɗina ba yawa, amma na gane. A matakala ta faɗi, da bokitin kifi a hannu. Maƙwabta sun yi wa hukuma waya. An rufe kicin kwana uku, an gwada ta, ba ta da komai.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya dai cika maganarsa.

Da aka yanke mini abin hannun na koma aiki. Ya kawo wani mutum a wajen sanyi, mai suna Kalilu, ba ruwansa da kalanda. Na je ɗakin da wasu ɗalibai mata suka ba ta gefe, na kai mata filas ɗinta da ta bari. Na same ta da safa biyu, ƙafafu cikin roba. Har yanzu iyaka a rufe, ranar hoton kuma an sake ɗaga ta.

Ta ce, "Yaya, kin ciro mini kalandar?"

Na ce na manta. Ban manta ba. Tana nan jikin bango, kusa da firiza. Sauran da'ira uku.