Ƙaramin Allon Ɗanmu

Shin Malam ya gane aikin yaron nan, ko tausayi ne ya sa ya ce ya gane? Har yau ban sani ba, kuma wanda zan tambaya yana kabari. Amma ranar nan ba za ta bar raina ba. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa.

Malam, mijina, makarantar allo gare shi a Boɗinga, kuma ya so ɗanmu na fari ya gaje shi. Sai yaron ya zama injiniya, yana tsara 'yan ƙananan abubuwan cikin kwamfuta masu sa na'ura ta koyi aiki kamar mutum. Wani kamfani a ƙasar waje ya neme shi ya shugabanci injiniyoyi. Ya zo gida ya ce ba zai karɓa ba sai uban ya yarda. Ni kuwa na san an riga an gaya wa Malam a garin Sifawa cewa ɗansa yana ƙera abin da ke gasa da hankalin ɗan Adam.

Bayan la'asar na kai musu fura zaure, na ƙi fita. Yaron ya ɗora wani baƙin abu, bai kai ganyen magarya biyu ba, a tafin uban.

"Wanga shi ka tunani?" in ji Malam.

"A'a, Baba. Abin da muka rubuta mashi shi ka yi."

"In kun yi kuskure fa?"

"Sai mu goge mu sake."

Malam ya daɗe yana juya shi. 

"Ashe allo na," ya ce. "Sai dai naku ba a shan rubutun. Tafi, Allah shi yi ma albarka."

Yaron ya yi kuka, ni ma haka.

Yau yana can yana aikinsa cikin rufin asiri, ina nan ina kewar Malam, amma raina kwance. Na koyi cewa ba sai ka gama fahimtar hanyar ɗanka za ka sake shi ya bi ta ba.

Da ciwon ajali ya kama Malam, na ɗauko waya zan kira yaron ya taho. Ya riƙe hannuna.

"Bar shi, Hajiya, yana bakin aiki. Ni na aike shi."