Inna Tani, mai duba mabiyiya kafin a binne

A unguwanni huɗu na Kwandiko, an daina ajiye buhun waken da aka yi wa magani a ɗakin mai ciki. Ba hukuma ce ta hana ba. Ungozoma ce, Inna Tani Barau, wadda ta ajiye aiki a watan jiya bayan shekara talatin da ɗaya tana karɓar haihuwa a ƙauyukan Gwaram.

Kullum da hantsi takan zaga gidajen masu ciki. Ta danna ƙafa ta ga ko ta kumbura, ta duba ido, sannan ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado. Wannan leƙen ya daɗe yana jawo mata dariya.

A al'ada, da zarar mabiyiya ta faɗo sai ungozoma ta wanke ta, a binne a bayan ɗaki nan take. Inna Tani takan shimfiɗa ta a tasa ta duba tukuna. Shekara shida da suka wuce ta fara ganin abin da ya tsorata ta: mabiyiya ƙarama, shafal, jariri kuma ba nauyi, wani ma ba rai. Ta lura abu guda ya haɗa yawancin gidajen. Bayan kaka, maigida kan yi wa wake maganin ƙwari ya jibge buhunan a ɗakin matarsa, don ɗakin ne mai ƙofar ƙarfe, kuma ba ya yoyo.

Ta hau mota zuwa Birnin Kudu ta tambayi wata malamar asibiti. Aka ce mata wasu magungunan kan shiga jinin uwa har su kai mabiyiya, inda jariri ke samun abinci da iska. Aka kuma ce sai da gwaji za a tabbatar ko su ne sanadi. Ba ta jira gwaji ba.

Maƙwabta sun shaida abin da ya faru wata uku da suka wuce a gidan Malam Badamasi, manomi, wanda matarsa Lailatu ta haihu sau biyu ba rai, ga shi tana da ciki na uku.

"Inna, wai ke ungozoma ce ko malamar gona?" in ji shi.

"Ni ce na binne mabiyiya biyu a bayan ɗakin nan, ban ji kukan kowa ba. Fitar da buhunan."

"In kai su ina? Ɓarayi fa?"

"Ɗakinka. Ka kwana da su, tunda kai tumbinka tuwo ne kawai a ciki."

Kafin la'asar an kwashe buhu goma sha huɗu.

Inna, ke ce kika tsaya kika kalli abin da kowa ke gaggawar turbuɗewa. An kira ki mai shisshigi, kika koma gidajen washegari. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ga ungozomomin da ke bayanki, aikin ba shi da wuya: a duba kafin a binne, a tambayi abin da ke ɗakin, a tura mai ciki awo.

Lailatu ta yi wata biyar tana kwana kusa da buhunan kafin a fitar da su. A awon makon jiya an ji bugun zuciyar jaririn, amma an ce girmansa bai kai na wata takwas ɗin da cikin ya yi ba. Ba ta haihu ba tukuna.