Mangwaron da Baffa Ya Dasa a Gonarmu

Baffa, ƙanen mahaifina, shi ya koya mini barin ruwa ya kwanta. Da damina mukan ɗebo ruwan rafi a Mayo Bani, ja wur da laka. In na ɗauko tsumma zan tace, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Bar shi, 'yata. Ke dai kada ki motsa randar." Kafin la'asar ruwan ya yi garau. Da wannan na yi zaman duniya. Ban cika mayar da magana ba, kuma sau da yawa rigima kan mutu da kanta.

Da mahaifina ya rasu ina koyarwa a Yelwa, sai muka ara wa Baffa gonarmu. Daga baya na ji ya dasa mangwaro a ciki. A wajenmu kuwa mai aron gona dawa yake shukawa ko gyaɗa, dashen itace sai mai ƙasa. Na je masa a fusace. Ya yi murmushi ya ce, "Ranki a dagule yake, 'yata. Bari ya kwanta, sai mu yi magana."

Wallahi na bari, har mangwaron ya yi 'ya'ya. Ranar da muka je gaban mai unguwa, Baffa ya tambayi dattawa ko sun taɓa ganin mai aro ya dasa itace, mai gona ya yi shiru.

Har yau ba na motsa randa. Abin da ya fi ƙona mini rai, gaskiya ya koya mini. Ruwan ya kwanta, kuma shi na gani a ƙasa.