Mai Juya Farfela

Mai gidan da nake haya a unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira tsohon matuƙin jirgin sama ne, cikin waɗanda suka yi feshin gonakin auduga a da. Kaftin kowa ke ce masa, har matarsa. Yana da wani ɗan ƙaramin jirgi ruwan ɗorawa mai kujera biyu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, a ajiye cikin rumfar kwano a wani ƙaramin fili can yamma da Alƙahira. Jirgin nan ba a tayar da shi da makulli. Sai mutum ɗaya ya zauna a ciki, wani ya tsaya a gaba ya kama farfela da hannu biyu ya fizge ta ƙasa, ya yi maza ya ja da baya. Kafaɗar Kaftin ta daɗe da ƙin wannan aiki. Ni kuwa dogo ne, ga shi ina bin kowane jirgi da ido tun ina yaro a Kano, don haka da ya yi mini tayi ban tsaya jan aji ba.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci muke tafiya. Mu turo jirgin waje, in sa katako a gaban tayoyi, shi ya hau ya sa wata tsohuwar hularsa ta fata. Ya leƙo ya ce, "Tamam?", wato komai daidai? In ce, "Tamam." Ya ce, "Yalla!" In fizga. Injin ya yi tari, ya kama, iska ta cika mini riga. Daga nan aikina in koma baya in danne jela har ya gama ɗumama shi. Ba ma zuwa ko'ina. Takardun jirgin sun daɗe da ƙarewa, na Kaftin ma likita ya ƙi sabunta su, muna dai tayar da injin ne don kada ya ci tsatsa.

Abu ɗaya nake so, kuma ba babba ba ne: in zauna a ciki injin yana aiki, in ji yadda kujerar ke rawa. Kujera ta biyu tana nan babu kowa. Na roƙa ba sau ɗaya ba. Kullum amsarsa ɗaya ce, yana kirana ɗansa da Larabci: "Ba a shiga jirgi don wasa, ya ibni. Ranar da takardu suka fito, tare za mu tashi." Na yarda da shi, shekara da shekaru.

Sai na jawo wa kaina. Akwai wani ɗan unguwarmu na gida, ƙanena ne a shekaru, Yaya yake ce mini. Ni na tarbo shi ranar da ya sauka a garin nan, a katifata ya kwana, ni na koya masa hawa jirgin metro da cin ful, dafaffen wakensu, ba tare da ya ɓata fuska ba. Allah ya buɗa masa a harkar kawo marasa lafiya asibitocin Masar, ya yi ofis a unguwar Mohandessin, ya sayi gona a hanyar sahara. Ban taɓa jin komai game da motarsa ko gonarsa ba. Wata Juma'a na kai shi ya ga jirgin, don in nuna masa ni ma ina da abin da ba kowa ke da shi ba. Ya zagaya shi yana shafawa, yana tambayar Kaftin da Larabcinsa mai santsi. Ba a daɗe ba Kaftin ya tsayar da ni a bakin matakala ya ce ya sayar wa ɗan'uwan nan nawa jirgin. Na ce Allah ya sa albarka. A zuciyata kuwa kishi ne tsagwaronsa, irin wanda ke sa abinci ya koma kamar tsumma a baki.

Saura kai kaya. Jirgin da takardunsa suka mutu ba ya tashi, sai an nemi izinin tafiya ɗaya tak, kuma sai injiniya ya duba shi. Ni aka aika ofisoshi, tunda ni ne mai lokaci. Na bi su da zuciya ɗaya, don na ƙudurta cewa idan izinin ya fito, matuƙin da za a ɗauko zai buƙaci mai juya farfela, kuma kujerar nan ta biyu ba za ta tafi babu kowa ba. Wannan ya ce in dawo gobe, wancan ya ce mai sa hannu yana hutu. Ina cikin wannan zirga-zirga ƙanen nawa ya kira ni. "Yaya, khalas, shi ke nan, bar wahalar da kanka. Ni fa ba tashi zan yi da shi ba, a gona zan ajiye. Na samo babbar mota." Ya faɗa cikin tausayi, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan.

Makanikai suka zare fikafikan, muka naɗe su da barguna da tsofaffin katifu. Da aka cire su jirgin ya koma kamar kazar da aka fige. Aka ja gangar jikin bisa motar, jela a gaba, hanci yana kallon baya. Direba ya ce lallai wani ya zauna a sama ya riƙa lura da igiyoyi. Kaftin ya shiga gaba kusa da direba, sabon mai jirgi ya shige motarsa mai sanyi. Babu wurin zama a bayan motar sai cikin jirgin. Na dubi Kaftin, ya kau da kai, na hau.

Haka na yi tafiyata ta farko. An ɗaure sandar tuƙi da bel, an tsiyaye mai, farfela na tsaye cak a gabana, ni kuma ina tafiya da baya. Direbobin ƙananan bas suna danna hon, suna leƙowa suna ihu, "Ya kaftin!" Wata mata mai tiren burodi a ka ta tsaya tana dariya. Na ɗaga musu hannu, me zan yi? Kujerar ta yi ta rawa kam, amma rawar ramukan titi ce, ƙamshin da nake shaƙa kuma hayaƙin gas ne na motar.

Da aka mayar da fikafikan a gonar, Kaftin ya zo miƙa amana ranar Juma'a. Ya kama hannun ƙanena ya zaunar da shi a kujerarsa, ya sunkuya yana nuna masa kowane maɓalli, wannan na wuta, wannan na mai, abubuwan da bai taɓa nuna mini ba. Sannan ya cire hular fatar nan daga aljihu ya ɗora masa. Idona ya rufe. Na matsa kusa na ce a hankali, "Kaftin, ba kai ka ce ba a shiga jirgi don wasa ba?" Ya dafa kafaɗata ya ce, "Nasa ne, ya ibni. Ma'alish, yi haƙuri."

Ƙanena ya leƙo, hula ta yi masa yawa, baki har kunne. "Yaya, tamam?" Na ce tamam. Na fizga, injin ya kama, na koma na danne jela.

Da aka kashe ya sauko yana rawar jiki don murna. Ba shi da rowa, wannan kam zan shaide shi. Ya ce, "Wallahi Yaya sai ka ji abin nan! Kai ma ka shiga." Na ce to, zo ka tsaya nan in nuna maka yadda ake kama farfelar, ba wuya. Na waiga, Kaftin yana riƙe da matacciyar kafaɗarsa, makanikai sun tafi. Ƙanena ya dubi bakin farfelar, ya dubi hannuwansa, ya yi dariya ya ja da baya.

"Haba Yaya," ya ce, "ni fa ina da iyali."

Ya san sunan 'ya'yana duka, shi ya yanka ragon sunan ƙaramar. Ban tuna masa ba. Juma'ar da ta biyo ya aiko mini da direbansa in je in juya masa farfela, na kuwa shiga motar.