Yadda Na Sa Yayana Ya Tuba

A duk lungunmu na Dala babu wanda ya kai Yayana tsoro. Ranar layya, da an kayar da rago, sai ya tuna yana da aiki a shago. Kaza ta taɓa biyo shi daga soro har ƙofar masallaci, ni kuma na kai labarin makaranta na ce jimina ce. Baduku ne, yana haɗa takalma a wani ɗan shago da idan ya yi miƙa sai gwiwar hannunsa ta leƙa titi. Wannan bawan Allah shi na sa ya tsaya a gaban jama'a ya tuba daga daba.

Bara ne, ina da shekara goma sha biyar. Faɗan daba ya yi tsanani a cikin gari. Da la'asar sakaliya sai ka ji gudu, mata na fisgar yara, masu shago na jan ƙofa. Wuƙa da gora aka saba gani, sai aka wayi gari ana jin ƙarar bindiga. Maƙwabciyarmu mai suyar awara ta aiki ɗanta sayen mai, gawarsa aka dawo mata da ita. Bai ma san su wa ke faɗan ba.

Bayan nan ne aka yi shela a rediyo da masallatai: duk mai bindiga ya kawo, ba za a kama shi ba, ba za a tambaye shi inda ya samo ta ba. Za a ba shi kuɗi a hannu, daga baya kuma a ba shi abin sana'a. Mai ɗinki zai samu keken ɗinki.

Keken ne ya tsaya mini a rai. Shekara uku Yaya yana neman wata yarinya a Shahuci, 'yar wani Alhaji mai sayar da turare, daga cikin gidajen nan da kakanninsu suka zo fatauci daga ƙasashen Larabawa suka zauna. An kai kayan na-gani-ina-so, sun karɓa, suka ce a ba su lokaci su yi bincike, wato su aiko unguwarmu a tambayi liman da mai unguwa da maƙwabta wane irin mutum ne. Ta wajen hali ba mu da fargaba, sana'ar ce ke da rauni. Yaya ba shi da keke, sai ya yanka fata ya ɗauka ya kai shagon wani ya jira layi. Alhajin kuwa ya riga ya faɗa cewa mai tsayuwa da ƙafarsa yake so.

A ƙarƙashin gadon Umma, bayan tsofaffin kwanuka, akwai bindigar toka ta kakanmu, tun zamanin da yake da shanu yana korar kura. Ta fi ni tsawo. Rabonta da ƙara tun ba a haifi Babanmu ba, Allah ya jiƙansa. Kyankyasai sun ga jikokinsu a cikinta.

Yaya yana cin tuwo a tsakar gida na zauna kusa da shi.

"Yaya, kai ma ka je ka tuba mana."

"In tuba daga me?"

"Ai an ce ba a tambaya."

Ya yi dariya har ya ƙware. Umma ta ɗago daga tankaɗe ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. Ɗan nawa za ki haɗa layi da 'yan daba?"

"Umma, ƙarfe ne yake tsatsa a banza. Su suna son bindiga, shi yana son keke. Ya miƙa, ya karɓa, ya dawo. Wa zai sani?"

Kwana huɗu ina bin su kamar ƙuda. Na kwatanta wa Yaya keken har da ƙararsa, na kwatanta masa Alhajin Shahuci yana wucewa ta ƙofar shago yana gyaɗa kai. A rana ta biyar Umma ta jawo bindigar da kanta, ta goge ta da tsumma, ta ce, "Kada dai Kawunku ya ji." Kawu ƙanin Babanmu ne, shi ne kuma waliyyin Yaya a maganar auren.

Ranar Asabar da hantsi muka naɗe ta a tabarma muka tari adaidaita. Ta leƙo ta nan, ta leƙo ta can. Direban ya ce, "Hajiya ƙarama, azara kuka sayo?" Na ce eh, gini muke.

A zatona wani ɗan ofis za mu tarar, da tebur da mutum ɗaya yana gyangyaɗi. Sai ga filin makarantar firamare cike da rumfuna da kujeru da lasifika da masu ɗaukar hoto. Yaya ya tsaya cak ya ce, "Mu koma." Kafin in buɗe baki wani jami'i a bakin ƙofa ya karɓi tabarmar ya warware. Ya dubi bindigar, ya dubi Yaya, ya nuna masa layi. Ni kuma aka kora ni wajen mata.

Daga nan ina ganin komai. A gaban Yaya akwai shugaban 'yan daban bayan layinmu, wani mai tabo a kumatu. Har jariran unguwa sun san yana da ƙaramar bindiga baƙa ta gaske. Abin da ya kawo kuwa guntun bututun ruwa ne da aka ɗaure a jikin katako, mai walda ya liƙa masa kunamar harbi. Fentin ma bai bushe ba, ya ɓata masa tafin hannu. Yaransa duk irinsa suka riƙo, kamar an yi musu rabon kayan wasa.

Ana cikin haka wata dattijuwa mai hijabi har ƙasa ta wuce layin kai tsaye, riƙe da kular abinci. Ta ajiye a tebur ta buɗe. Jami'an suka ja da baya, don bindigar da ke ciki naɗe a leda ba ta wasa ba ce.

"Ta ɗana ce," in ji ta. "Bai san na ɗauko ba."

Suka nemi sunanta ta ƙi, suka miƙa mata ambulan ɗin kuɗi ta ƙi. Ta ce su ba ta kularta, ta rufe ta tafi. Babu wanda ya ɗauke ta hoto.

Da aka zo jera tubabbu, sai aka ga duk tarin babu bindiga mai kwarjini irin tamu. Aka jawo Yaya aka sa shi a tsakiya, a sahun gaba, aka rungumar masa ita. Babban baƙo ya dafa kafaɗarsa yana magana a lasifika.

"Jama'a, ku dubi wannan matashi. Allah kaɗai ya san gidajen da wannan ƙarfe ya sa kuka. Yau ga shi ya dawo hanya."

Aka yi tafi. Yaya ya ƙanƙame bindigar yana zare ido. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na toshe baki da hijabi ina dariya har da hawaye. Ina ta tsara yadda zan ba da labarin a makaranta ranar Litinin.

Dariyar ta tsaya da aka kawo butoci aka ce kowa ya yi alwala. Ba a faɗi wannan a rediyo ba. Ɗaya bayan ɗaya suke zuwa su dafa Alƙur'ani, wani malami yana faɗa suna maimaitawa: wannan shi ne makamin da nake ɓarna da shi, ba ni da wani, na bar daba har abada. Mai tabo ya faɗi nasa da ƙarfi kamar mai karanta talla. Da aka zo kan Yaya, sai ya juya yana dube-dube cikin mata. Ni yake nema. Na laɓe a bayan wata mai jiki. Ya daɗe a tsaye, malamin ya maimaita masa sau biyu, jami'in da ke gefe ya matso. Sannan ya dafa ya faɗa, da muryar da ko lasifika da ƙyar ta kamo.

Aka rubuta sunansa da unguwarsa da inda shagonsa yake, ya dangwala yatsa. Aka ba shi ambulan, aka ce keke kuma za a kira su. Har yau ba a kira ba.

A bakin ƙofa mai tabo ya rusuna masa. "Ranka ya daɗe, ashe kai ne ubanmu a harkar, ka ɓuya a bayan takalma. A riƙa tunawa da ƙananan yara." Yaransa suka fashe da dariya.

Bidiyon ya riga mu isa gida. Kafin la'asar yana cikin wayar kowa, daga Dala har Dukawuya, Yaya a tsakiya da bindiga a ƙirji. Kawu ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba, ya miƙa wa Umma wayarsa.

"Wane ne wannan?"

Umma ta duba wayar ta mayar masa.

"Ina can ina gaya wa mutane yaron nan ko sauro ba ya kashewa, ashe ku kuna nan kuna yi masa rawanin daba. Shawarar wa ce?"

Babu wanda ya dube ni. Na zame na shige ɗakin girki.

A makon nan masu bincike suka zo daga Shahuci, dattawa biyu. Liman ya ce bai taɓa rasa Yaya a sahun asuba ba. Maƙwabta suka yabe shi. Mai unguwa ma ya yabe shi, amma ya ce ba zai ɓoye ba, sunansa yana cikin takardar tubabbun da aka aiko masa. Dattawan suka yi godiya suka tafi. Muka zauna jira.

Ba a yi wata guda ba faɗa ya sake tashi da rana tsaka. Aka ji ƙarar bindiga sau uku, harsashi ya samu mai shayin bakin titi a cinya. Bututun ruwa ba ya yin wannan ƙarar, kowa ya san daga inda ta fito. Da jami'an tsaro suka zo, da takardar nan suka zo, suna bin sunaye. Masu laifin tuni suka haura katanga suka bar unguwar. Mutum ɗaya ne aka samu a daidai inda ya ce za a same shi, zaune a shago da basilla a hannu. A gaban kowa aka tura shi mota, takalmin da yake ɗinkawa yana maƙale a cinyarsa.

Kwanansa huɗu a tsare kafin Kawu da liman su karɓo shi. Ya dawo an aske masa kai, yana ɗingishi, gefen fuskarsa a kumbure. Bai faɗi abin da aka yi masa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Umma ta dafa ruwa ta gasa masa baya, ina jin numfashinsa daga ɗakin girki.

Tun daga lokacin nake tunanin abin nan da aka yi a filin makaranta. Ba zan ce banza ne gaba ɗaya ba, don na ga abin da ya fito daga kular dattijuwar nan, kuma wataƙila akwai wanda yake yawo da ransa yau saboda ita. Amma ita ba kuɗin ne ya kawo ta ba. Waɗanda kuɗin ya kawo, mu ne da masu bututu. Mai bindigar gaske ya san ta fi ambulan daraja, ya bar ta a gida, ya zo ya ci kuɗin, ya samu hoto da manya.

Da Yaya ya fara takawa sosai, Kawu ya ɗauki liman suka tafi Shahuci don su warware zancen. Suka gaya wa Alhajin komai: bindigar kaka, kyankyasan, keken ɗinkin. Kawu ya dawo ya zauna a kan turmi a tsakar gida, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ina wanke-wanke, na rage ƙarar kwanukan.

"Ya karɓe mu da mutunci," in ji Kawu. "Ya ce ya yarda da duk abin da muka faɗa."

"To, alhamdu lillahi," in ji Umma.

"Ki bari in gama. Ya ce da ɗan daba ne ya tuba da gaske, da sai ya yi shawara, don Allah ma yana karɓar tuba. Amma mu da bakinmu mun ce bai taɓa yi ba. Ke nan ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, ya rantse a kan abin da ya san ƙarya ne, saboda keken ɗinki. Ya ce, Malam, idan gobe ya rantse wa 'yata, da me zan auna?"

"Me kuka ce masa?"

"Me za mu ce? Liman ma ƙasa ya duba."

Bayan kwana biyu mata biyu daga Shahuci suka yi sallama da hantsi, ɗauke da akwati. Kayan na-gani-ina-so ne, ko ledar atamfa ba a ɓare ba. Umma ta shimfiɗa musu tabarma, ta sa na kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi yara, aka ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ba su taɓa ruwan ba. Da suka fita Umma ta daɗe tana kallon akwatin, sannan ta ce in kai masa.

Ɗakin Yaya yana cikin soro. Na same shi a bakin katifa yana yanka fata a kan wani katako, don ya daina zama a shago. Ya ga akwatin, ya ci gaba da yankansa.

"Yaya," na ce, "ni ce na jawo. Zan je in gaya wa Kawu. In ka yarda har Shahucin zan je, in ce ni na matsa maka."

"Ki ce musu me?"

"In ce shawarata ce."

"Ke kika ɗora mini hannu a kan Alƙur'anin?"

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba a gidan nan, na tsaya da akwati a hannu kamar an dasa ni.

"Ajiye shi a bayan ƙofa," ya ce, bai ɗago ba. "In kin fita ki ja mini ita."

Na ajiye, na fita, na ja masa ƙofar.