Wayar da ba a mayar wa Yaya Haruna ba

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Yaya Haruna makwancinsa, a ƙarshen kakar dawa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk wanda ya san kasuwar Gadarif, garinmu da ke gabas da Khartoum, a lokacin ya san teburinsa, bayan layin masu riɗi, da akwatin ƙarfen da yake zama a kai. Ba ya gyaran rediyo, ba ya gyaran fanka. Wayar wuta kawai ya sani, wadda muke ce wa silik, kuma ba irin wadda ake samu a kowane kanti ba.

A akwatin nan akwai waya mai ido biyu ta rediyo, da mai ido uku ta na'urorin ofis. Akwai mai haƙora, ja da baƙi, wadda direbobin garin Doka suke damƙa wa batirin babbar mota su kunna fitila a gona. Akwai mai lulluɓin zare ta dutsen guga, wadda zafi ba ya narkar da ita. Amma kasuwarsa ta gaske ita ce kayan Jidda. Kusan kowane gida a unguwarmu yana da ɗan'uwan da ya ƙarasa tafiyar hajjin da kakanninmu suka faro daga yamma, ya zauna a Hijaz, yana aiko da kaya. Da yawan kayan nan rabin ƙarfin wutarmu suke ɗauka. Ba su aiki sai da waya mai kumburi a tsakiya, wani ƙulli mai nauyi kamar sandar sabulu, wanda yake rage wutar kafin ta shiga.

Mu kuwa hukuncinmu ɗaya ne: in waya ta shiga, ta yi. In kanta ya ƙi shiga bango, sai a yanke shi, a fere bakin, a tura, a danne da tsinken ashana. Wannan ɗabi'a ita ce abokiyar gabar Yaya Haruna. Na ji shi wata rana da wata dattijuwa da ta kawo injin markaɗe a ƙone.

"Hajiya, wa ya yanke wa wayar kai?"

"Ai ƙin shiga ta yi, ɗana."

"To ga shi ta shiga. Ƙaurin ya kai gidan maƙwabta?"

Ƙaiƙayin dawa ya ci masa ƙirji tun muna yara muna bin sussuka. Da ciwon ya tsananta, yayarmu Hawwa ta aiko masa da na'urar shaƙar magani daga Jidda, da wayarta mai kumburi. Na'urar tana zama a gida. Wayar kuwa a akwati yake tafiya da ita kasuwa, don kada wani a gidan ya ara ya jona wa abin da ba nata ba.

Sai aka ce wani babba zai zo gari. Aka rataya lasifikoki a kowace kusurwa, wayoyinsu sababbi, ko ɗaya ba a rasa ba. Da safe mota ta bi layin kasuwa tana kwashe teburan gefen hanya, wai don mutuncin gari. Aka ɗaga Yaya Haruna daga kan akwatinsa, aka jefa akwatin a bayan mota, da kayan aikinsa gaba ɗaya.

Ni na raka shi ofishin da aka kai kayan, sau uku. A na ukun ya ce wa jami'in wurin, cikin Larabcin da ya fi na mutumin tsabta, ya yafe akwatin duka, waya ɗaya yake so, ta numfashinsa ce. Mutumin ya dubi sunan kakanmu a takarda, ya ce, "Ya Hajji, ina shaidarka ta ɗan ƙasa?" A Gadarif aka haifi ubanmu. Muka miƙa takardar, aka ce mai mabuɗin ɗakin ajiya ya tafi taro. A bangon bayan jami'in an rubuta aya da manyan baƙaƙe. Ba zan faɗi wacce ba, don ba laifin ayar ba ne.

Yaya Haruna ya ba wani direba saƙon wata wayar daga Khartoum. Kafin ta iso, ciwon ya taso masa, ranar wata Talata bayan azahar.

Abin da ya biyo baya ban taɓa rubuta shi ba. Na same shi zaune a tabarma, ya dafa gwiwoyi, iska tana fita da ƙara amma ba ta shiga. Matarsa Zainab ta ajiye na'urar a gabansa, ba waya. Na duba bayan na'urar, na ga ido biyu. Na duba rediyona, na ga ido biyu. Na zare wayar rediyon, na tura, ta shiga daidai kamar don ita aka yi ta. Yaya Haruna ya ɗaga hannu yana kaɗawa. Na ɗauka cewa yake in yi sauri. Na kunna. Na'urar ta yi gurnani sau ɗaya, hayaƙi ya fito, ɗakin ya cika da ƙaurin da na sha jin yana yi wa mutane ba'a a kansa.

Ya dube ni kawai, ya sauke hannun. Kafin mu sami mota mu kai asibiti, ya cika. Na san ajali ba ya jiran waya, na kuma san ko na'urar ba ta ƙone ba, ba ni da abin da zan tashe ta da shi. Malamai sun faɗa mini, na yarda. Amma abu na ƙarshe da wana ya gani a ɗakinsa shi ne ƙanensa mai ilimi yana yin abin da ya shekara ashirin yana hana jahilai.

Bayan wata biyu na bi ta gaban ofishin nan. Ƙyauren dangar ya ɓalle, an ɗaure shi da wata baƙar waya. An yanke kanta, kumburin yana lilo a tsakiya. Na gane ta, na wuce.

Yau kowa yana yawo da wayar caji a aljihu, kasuwa ta cika da irin wadda take mutuwa cikin mako. Da yana nan, na san zai juya ɗaya a hannu, ya auna nauyinta, ya ce ba tagulla a ciki sai fata. Game da sauran al'amura ba zai sami sabon abin faɗa ba. Lasifikokin suna nan, motar tana nan tana kwasa, ana nan ana tambayar 'ya'yansa takarda.

Me ya rage nasa? Ba kanti, ba almajirin sana'a, inda teburinsa yake ma an zuba siminti. Wayar Khartoum ta iso kwana huɗu bayan jana'iza. Direban ya miƙo mini ita a ledarta, bai san abin da ya faru ba, ya ce, "Ka gaya wa Malam Haruna na sha wuya kafin in same ta." Tana cikin akwatina har yau, ban buɗe ba. Babu abin da take shiga a gidana.