Misbahu da Rumbun da ke Jin Hannu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga Agustan 2025, Allah ya karɓi ran ɗan ƙanwata Misbahu Salifu a gidansa na Tasawa, bayan gajeren zazzaɓi. Ya bar mahaifiyarsa Fatsuma, da matarsa Kausar, da jaririyarsu Surayya.

Misbahu, ni kawunka na daɗe ina yi maka kallon maɓarnaci, kuma ina da hujja. Rediyona biyu ka farke kana ɗan lakwal, wato makarantar boko, ba wadda ta sake magana. Da ka dawo daga karatu a Yamai da ordinater, wato kwamfuta, da jakar wayoyi, na tambaye ka aikin da ka samo, ka ce kai kana son ka sa abubuwa su amsa wa mutane. Na ce da uwarka ta yi haƙuri, yaron ya sha boko ya yi masa karo.

Bana ka rufe mini baki. Ka je wani ƙauye na karkarar garin Sarkin Hausa ka ari rumbun ƙasa wurin Malam Sadiƙu, manomi, tunda da damina rumbu wofi yake. Alkawarinku shi ne in sabon hatsi ya shigo, za ka kwashe kayanka ka ba shi abinsa. Ka binne siraran wayoyi masu jin taɓi cikin sabon yaɓe, ka haɗa su da wani ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba, wanda ka ce shi ne ƙwaƙwalwar aikin, ka ɗora fanon hasken rana a gefe. Kafin nan ka bi tsofaffi gida-gida kana naɗar muryoyinsu.

Ranar da ka ɗauke ni bisa moto muka je, na tafi ne da niyyar yi maka tsiya. Ka ce in ɗora hannu. Na ɗora, sai bangon ya ɗauki sautin hauya da muryar maza suna waƙar gayya. Na matsa gaba, lugude ya tashi. Yara suka taɓa ƙasa-ƙasa, ihun korar tsuntsaye ya fito. Da muka kewaye rumbun muka dafa shi gaba ɗaya, komai ya yi tsit, sannan ƙarar ruwan farko ta sauko, ƙananan fitilu suka kama a ƙarƙashin jinka. Wata tsohuwa ta ji muryar ƙawarta da ta rasu kafin shuka, ta ƙi cire hannu har aka kira la'asar. Ni da na yi shekaru ina riƙe alli, tasbihi kawai na yi ga Wanda ya ba ɗan Adam irin wannan basira.

Mutum ɗaya ce ba ta gani ba, ita ce Kausar. Ita ta yi ta riƙe maka wayoyi a tsakar gida da tsohon ciki, amma lokacin da aikin ya kammala tana jego. Ka ce da ta yi arba'in za ka kai ta. Kafin nan ta shiga takaba, kuma sai tsakiyar sanyi za ta fita. Hatsi ba ya jiran kowa. Wayoyin suna cikin yaɓe, ba yadda za a ɗauko su a kawo mata, in kuma aka zuba damma a ciki aikin ya ƙare. Ba ta roƙi kowa ba. Ta dai tambaye ni sau ɗaya ko gaskiya ne rumbun yana yin ruwa.

Makon jiya na tafi cika maka alkawari, tunda an fara yankan gero. Na tarar da Malam Sadiƙu da 'ya'yansa suna kwaɓa ƙasa a gefen rumbun, dammunansa jibge bisa kara, alhali sama ba ta gama ɗaukewa ba. Na ce na zo kwashe kayan.

Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, mi za ka kwashe? Ɗiyar mutane ba ta ji ba tukun. Sabo muka ginawa. Wannan shina nan har ta hito ta sa hannunta."

Na ce ruwa ɗaya zai iya ɓata masa abincin shekara. Ya ce ya sani, ya ci gaba da kwaɓa ƙasarsa.

Misbahu, Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙanwata Fatsuma da dukkan dangi. Allah ya raya Surayya, ya tsare hatsin Malam Sadiƙu har ya shiga inuwa. Kausar, Allah ya ba ki haƙuri. Ranar da kika fita, ni zan kai ki.